Ana cin wasan tun daga Laraba: yadda masu tsaron baya a NFL ke zaɓar wanda za su tare

Da yawa daga cikinmu, abin da muka sani game da Super Bowl na 2025 bai wuce Kendrick Lamar ba. Guntayen bidiyon wasan da ya yi a hutun rabin lokaci sun kwana suna yawo a TikTok da X, har a sitatus na WhatsApp. Amma a daidai lokacin da yake hawa dandamali a birnin New Orleans, ga abin da ke rubuce a allon filin: Eagles 24, Chiefs 0.

Chiefs ɗin nan fa ba kanwar lasa ba ce. Ita ta ɗauki kofin sau biyu a jere, ta zo neman na uku, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi a tarihin Super Bowl. Tana da Patrick Mahomes, wanda ake yi wa kallon gwanin gwanaye a wannan zamani. Duk da haka, yadi 23 kacal ta iya ci a dukan rabin farko. Aka tashi 40 da 22, kuma yawancin makin nata ta same su ne bayan aikin gama ya gama.

Me ya faru? Amsar tana cikin shawarwarin da aka yanke kwanaki, wasu ma watanni, kafin ranar 9 ga Fabrairu: wa zai shiga fili, wa zai zauna, wa zai riƙe wa, kuma me za a ƙyale abokin hamayya ya ci. In ka fahimci wannan, to ka fara ganin ƙwallon Amurka da idon masu ita, ka daina ganin ƙarti suna ta turereniya kawai.

Ga yadda tsarin yake a taƙaice

Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sake ba su wasu huɗu. Jagoransu shi ne kwatabak, wato mai karɓar ƙwallo ya jefa wa wani ko ya miƙa wa mai gudu. A gabansa akwai ƙarti biyar da aikinsu shi ne kare shi, sauran biyar ɗin kuma su ne ke da izinin cafe ƙwallon.

Inda abin ya sha bamban da ƙwallon ƙafar da muka saba shi ne sauyi. A Firimiya koci na da sauyi biyar, kuma wanda ya fita ya fita ke nan. A NFL babu iyaka. Masu kai hari rundunarsu daban, masu tsaro tasu daban, kuma bayan kowace dama koci na iya fitar da mutum uku ya shigo da wasu uku. Ke nan maganar "su wa za su fara" ba sau ɗaya ake yin ta ba, kusan sau sittin ake yanke ta a wasa guda.

Masu tsaro sahu uku ne. Sahun gaba su ne manyan ƙarti masu kutsawa su kayar da kwatabak ko su toshe wa mai gudu hanya. Sahun tsakiya ana ce musu lainbaka, su ne masu aiki biyu, su taimaka a gaba, su koma baya. Sahun baya kuma su ne masu zafin gudu: 'yan kona da ke bin masu cafe ƙwallo a gefe, da 'yan sefti da ke gadin can ƙarshe.

A da, abin da aka saba shi ne mutum huɗu a sahun baya. Yanzu da jifa ya yi yawa, sai a cire lainbaka ɗaya a ƙara na biyar a baya. Wannan tsari sunansa nikel, daga sunan sulen Amurka mai darajar santi biyar. In aka ƙara na shida kuma ya zama daim. A yau nikel ne ake amfani da shi a fiye da rabin wasannin da ake bugawa. Sai dai kowanne da farashinsa. Ka cika fili da masu gudu marasa nauyi, a tattake ka ta ƙasa. Ka cika shi da masu nauyi, a wuce ka ta sama. Taura biyu ba ta taunuwa.

Makon shiri

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A NFL wannan magana ta zauna daram, domin ga wasan da za a yi ran Lahadi, doka ta tilasta wa kowace ƙungiya ta fitar da rahoton masu rauni a ranakun Laraba da Alhamis da Juma'a: wa ya yi atisaye cikakke, wa ya yi rabi, wa bai fito ba. A na Juma'a ake bayyana wanda ba zai buga ba da wanda ake kokwanto a kansa.

Kocin tsaro ba don gulma yake karanta rahoton abokan hamayya ba. Ɓaraka yake nema. In ya ga mai kare gefen hagun kwatabak yana ɗingishi, ya san inda zai tura mafi haɗarin mutanensa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan ga lissafin riguna. Kowace ƙungiya na da 'yan wasa 53, amma 48 ne iyakar waɗanda za su sa kaya a ranar wasa. Minti 90 kafin a take ake miƙa sunayen waɗanda aka ajiye. A nan ne Eagles ta yi abin da ya ja surutu a Super Bowl ɗin. A Maris na 2024 ta ɗauko Bryce Huff kan kwantiragin shekara uku na kusan dala miliyan 51, musamman don ya riƙa farautar kwatabak. Ranar babban wasa sai aka bar shi a gefe da kayan gida. A madadinsa aka sa Brandon Graham, ɗan shekara 36, wanda naman hannunsa ya yage a watan Nuwamba har ana cewa kakarsa ta ƙare. Kuɗin da aka kashe a kanka ba shi ke sa ka shiga fili ba. Tambayar koci ɗaya ce: a wasan yau, wa zai fi yi mana amfani?

Mutum biyu da aka sauya wa matsayi

Mai tsara tsaron Eagles shi ne Vic Fangio, dattijo mai shekara 66 a lokacin, wanda ba ya tsayawa a bakin fili, daga ɗakin sama yake hango wasa yana ba da umarni. An ɗauko shi a Janairun 2024 bayan tsaron ƙungiyar ya wargaje a ƙarshen kakar da ta gabata. Kuma kafin wannan dare, sau takwas yana haɗuwa da Mahomes, sau takwas yana shan kaye.

Shawararsa ta farko ta shafi Zack Baun. Shekara huɗu Baun ya yi a New Orleans Saints yana ɗan benci, yawanci sai lokacin bugun ƙwallo da ƙafa ake sa shi. Ya zo Eagles kan kwantiragin shekara ɗaya, ana zaton zai ci gaba da zama mai taimako a gefen sahun gaba. Fangio ya kalli bidiyonsa, ya mayar da shi tsakiya. Kafin ƙarshen kaka an zaɓe shi cikin gwarazan gasar baki ɗaya a wannan matsayi. Da abokin aikinsa Nakobe Dean ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasan farko na zagayen kifa-ɗaya-ƙwale, nauyin tsakiya ya ƙara hawa kansa, aka haɗa shi da Oren Burks.

Ta biyu ta shafi Cooper DeJean, sabon shiga daga jami'ar Iowa. Eagles ta fara kakar da nasara biyu, rashin nasara biyu. Bayan hutun mako guda a watan Oktoba, aka ɗauki gurbin nikel aka ba wannan yaro. A ɗaya gefen kuma tuni wani sabon shigan, Quinyon Mitchell, yake riƙe da kona. Sabbin yara biyu a sahun baya, wurin da kuskure ɗaya ke zama maki shida nan take. Kasada ce babba. Amma a ƙarshen kaka babu ƙungiyar da aka ci wa yadi kaɗan kamar Eagles.

Inda rufin Chiefs ke yoyo

Duk tsawon kakar Chiefs na fama da gurbi ɗaya: wanda zai tsaya a ƙarshen hagu na sahun masu kare Mahomes. Gurbi ne mai tsada, saboda kwatabak mai jifa da hannun dama bayansa yake juya wa wannan ɓangare, ba ya ganin abin da ke tahowa. Sun gwada Kingsley Suamataia, sun gwada Wanya Morris, sun ɗauko D.J. Humphries ya ji rauni. A watan Disamba suka ɗauko Joe Thuney daga gurbinsa na ciki suka kai shi can, suka sa Mike Caliendo a wurin da ya bari.

Thuney gwani ne na gaske, amma gwanin ciki, inda ake kokawa a matse. A gefe kuwa fili ne buɗe, ana bukatar dogon hannu da saurin ja da baya. Don toshe rami ɗaya sai Chiefs ta raunana gurbi biyu. Dabarar ta kai su har wasan ƙarshe, amma Fangio na da mako biyu cur yana nazarinta.

Ga lissafin da ya yi. Akwai abin da ake kira bilis, wato a tura mutum biyar ko fiye su yi wa kwatabak taron dangi. Yana da daɗin kallo, amma duk wanda ka tura gaba ka rage shi ne a baya, kuma Mahomes ya yi suna wajen gano gurbin da aka bari cikin ƙiftawar ido. To in mutum huɗu kaɗai za su iya kutsa katangar mutum biyar fa? Sai a bar bakwai a baya su tsare masu cafewa biyar, kowa da shiyyarsa, idonsu na kan kwatabak.

Abin da ya yi ke nan. Sau 42 Mahomes ya ja baya don yin jifa, kuma a ƙididdigar NFL ko sau ɗaya Eagles ba ta yi bilis ba. Duk da haka sau shida aka kayar da shi da ƙwallo a hannu. Jalen Carter, wanda aka fi tsoro a tsakiya, bai kayar da shi ko sau ɗaya ba, amma sau da yawa mutum biyu ake ware masa. In biyu suka tafi kan mutum ɗaya, saura uku da uku ke nan, gaba da gaba. Josh Sweat ya tashi da biyu da rabi, domin in mutum biyu suka haɗu a kayarwa ana raba musu. Milton Williams ya samu biyu. Cikin waɗanda ake juyawa a wannan sahu har da Moro Ojomo, haifaffen Legas da ya tashi a Amurka.

Ku dubi yadda ɗaya ke haifar da ɗaya. A kashi na biyu na wasan an kayar da Mahomes sau biyu a jere, ya zamana yana bukatar yadi 16 a dama ta uku. Ya tsere gefe ya tilasta jifa, DeJean ya tare ƙwallon a iska ya ruga yadi 38 ya ci, a ranar da yake cika shekara 22 da haihuwa. Can kafin a tafi hutu, Sweat ya tura Thuney baya har ya bangaji Mahomes yana cikin jifa. Ƙwallo ya karkace, Baun ya yi tsalle ya cafe, a filin da ya shafe shekara huɗu yana zaman benci. Travis Kelce kuwa, wanda ko marasa kallon wasan sun san shi saboda Taylor Swift, bai cafe ko ɗaya ba a rabin farko.

Kada wani ya ɗauka cewa "a tura huɗu" wani laƙani ne da ke ci kullum. A Fabrairun 2023 waɗannan ƙungiyoyi biyu sun haɗu a Super Bowl. A waccan kaka Eagles ta kayar da kwatabak sau 70, amma a ranar ko sau ɗaya ba ta kayar da Mahomes ba, aka ci ta 38 da 35. Katangar Chiefs a lokacin lafiyarta ƙalau. Dabara ɗaya ce, sakamako biyu, saboda mutanen da suka tsaya gaba da gaba sun sauya.

Me Chiefs ta zaɓi ta tare?

Su ma Chiefs ba da ka suka zo ba. Mai tsara tsaronsu, Steve Spagnuolo, ya ci Super Bowl huɗu a wannan muƙami, kuma shi ɗan bilis ne na gani-kashe-ni. Mako biyu kafin nan, da irin wannan farmaki ya ruɗa Josh Allen na Buffalo Bills a dama ta huɗu, Chiefs ta tsallake da 32 da 29.

Matsalarsa ita ce Saquon Barkley, wanda ya yi gudun yadi 2,005 a kakar. Spagnuolo ya yanke cewa ko ana ha-maza ha-mata, ba Barkley ne zai kashe su ba. Ya cunkushe tsakiya, ya matso da mutanensa kusa. Kuma gaskiya ya yi nasara a wannan: sau 25 aka ba Barkley ƙwallo, yadi 57 kawai ya samu.

Sai dai duk wanda ka matso da shi gaba, ka bar wani shi kaɗai a baya. Jalen Hurts ya jefa yadi 221, ya ruga 72 da ƙafarsa. A kashi na uku ya nuna kamar zai miƙa ƙwallo a gudu, sai ya cilla wa DeVonta Smith mai nisan yadi 46, aka koma 34 da 0. Shi aka ba kyautar gwarzon wasa. Spagnuolo ya samu abin da ya nema, abin da ya sallama ne ya cinye shi. Haka aikin yake: babu kocin da ke iya toshe ko'ina, sai dai ya zaɓi bugun da yake ganin zai iya jurewa.

Ranar da aka ajiye gwarzo

In ana maganar zaɓen masu tsaro da ya bar baya da ƙura, ba za a tsallake Malcolm Butler ba. Ranar 1 ga Fabrairun 2015, saura daƙiƙu a tashi, Seattle Seahawks na yadi ɗaya daga cin kofi. Bill Belichick na New England Patriots ya turo tsarin da ke da 'yan kona uku, na ukun shi ne Butler, sabon yaron da babu ƙungiyar da ta zaɓa a ɗibar sabbin 'yan wasa. Ya tare jifan Russell Wilson, Patriots ta ɗauki kofi.

Bayan shekara uku, ranar 4 ga Fabrairun 2018, wannan Belichick ɗin dai ya ajiye Butler a Super Bowl, alhali kusan duk kakar da shi ake yi. Kyamara ta nuno shi yana hawaye ana taken ƙasa. Bai shiga ko sau ɗaya a matsayin mai tsaro ba. Eric Rowe da ya maye gurbinsa, a kansa Alshon Jeffery ya cafe ƙwallon yadi 34 ya ci tun a kashin farko, sai daga baya aka mayar da Stephon Gilmore ya riƙe Jeffery. Tom Brady ya jefa yadi 505 amma Eagles ta yi nasara da 41 da 33. Wanda ya ƙwace ƙwallo daga hannun Brady a mintunan ƙarshe kuwa shi ne Brandon Graham, dattijon nan da aka sake sa wa riga a 2025. Har yau magoya bayan Patriots na musu a kan waccan shawara.

Kuma abin ba a kofi kaɗai yake tsayawa ba, abincin mutane ne. Wata guda bayan nasarar 2025, Baun ya sa hannu kan dala miliyan 51 na shekara uku. Milton Williams ya koma Patriots kan miliyan 104. Sweat ya tafi Arizona Cardinals kan fiye da miliyan 76. Chiefs kuma ta sallama Thuney ga Chicago Bears, ta yi amfani da zaɓinta na farko wajen ɗaukar Josh Simmons don ya toshe wancan gurbi na hagu.

Abin da za ku duba kafin wasa na gaba

Wasannin Lahadi na farko suna kamawa ne wajen ƙarfe shida ko bakwai na yamma agogon Najeriya da Nijar, Super Bowl kuma sai sha biyu da rabi na dare. In za ka hana idonka barci, ko ki ƙarar da datarki, gara a san abin da ake kallo.

Fara da rahoton Juma'a, amma kada ka tsaya kan manyan sunaye. Duba ƙarti biyar na gaban kwatabak: an taɓa wani? An sauya wa wani gurbi? Sannan ka tambayi kanka wa zai tsaya a gabansa. Duba ko akwai ɗan konan da za a ce ya bi gwanin cafewa duk inda ya shiga, ko kowa gefensa zai riƙe. Minti 90 kafin wasa, leƙa sunayen waɗanda aka ajiye.

Da an fara, ɗauke ido daga ƙwallon na ɗan lokaci. Ƙirga mutum nawa ne can baya kafin a take. In biyu ne, tsoron dogon jifa ake yi, an yarda a sha wuya ta ƙasa. In ɗaya ne, an matso don tare mai gudu, an bar 'yan gefe su ji da kansu. Sai ka ƙirga masu kutsawa: huɗu ne ko fiye? A cikin damarmaki goma na farko za ka gane abin da kocin ya zaɓi ya hana, da abin da ya yarda a ci. Daga nan kuma ko a gurup aka fara musu, kai da hujja za ka shiga.